Dogayen Lasifikun Miliyoyi: Me Ake Saya, Kuma Me Falon Abuja Ke Yi Musu?

A cikin masu sha'awar kayan sauti a Abuja akwai gardamar da ba ta ƙarewa, kuma kusan kullum a kan abu guda take: dogayen lasifikun nan da ake girkewa a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda kuɗin wasunsu ya isa mutum ya mallaki gida a bayan gari. Wani ya ce maka babu kamar ta kamfanin B&W wajen fito da murya tas. Wani ya ce ai sautinta kaifi gare shi, rabin awa kunne ya gaji, Sonus Faber ce mai daɗin zama. Na uku ya ce duk almubazzaranci ne, wadda ya saya a kasuwar Banex da kuɗi kaɗan ta fi su girgiza taga. Sau da yawa dukkansu gaskiyar abin da kunnensu ya ji suke faɗa. Abin da ya raba su shi ne ba abu ɗaya suka saurara ba, ko da kuwa tambarin da ke jikin akwatin ɗaya ne.

Mai maganar girgiza taga sai a fara sallamarsa, domin shi wata kasuwa yake ci daban. Lasifikar biki da ta masu kiɗan taro an yi ta ne don ƙara, ta cika fili, ta doki ƙirji. Lasifikar zaman gida mai tsada ba wannan ne aikinta ba. Ana so ta mayar da abin da aka ɗauka a situdiyo kamar yadda yake, ba ƙari ba ragi, ko da an rage murya can ƙasa da dare. Su kuwa lambobin nan da ake dannawa a jikin kwali, wat 5,000 ko 10,000 tare da haruffan PMPO, ba ma'auni ba ne da wani injiniya ke aiki da shi, talla ce kawai. Lasifikar da ba ta da amfilifaya a cikinta ma ba ta da wani wat nata na kanta. Karɓa take yi daga amfilifaya.

To me ya sa ake yin su dogaye, masu nauyi haka?

Sauti girgizar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana kama girgiza daga kamar sau 20 a daƙiƙa zuwa sau 20,000, abin da ake rubutawa da Hz. Muryar mutum da goge da algaita galibi a tsakiya suke zaune, kuma fitar da su ba ya buƙatar babban jiki. Wahalar tana ƙasa, wajen bes, wato amo mai zurfi. Duk lokacin da sauti ya sauka da rabi, misali daga 80 zuwa 40, sai lasifika ta tura iska ninki huɗu kafin ƙarfin ya tsaya yadda yake. Wanda ya taɓa jin tambarin fada kusa da kalangu ya san cewa amo mai zurfi sai babban ciki da faffaɗar fata. Haka abin yake a nan: ko dai kwanon wufa, wato mai fitar da bes, ya yi faɗi, ko a jera biyu ko uku, kuma a ba su akwati mai yalwa a bayansu. Wani injiniya a Amurka, Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH, ya taƙaita lamarin da ƙa'idar da har yau ba wanda ya karya ta: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da rashin cin wuta da yawa, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Doguwar lasifika ta haƙura da ƙanƙanta ne don ta sami sauran biyun.

Shi kansa injin da ke ciki tsohon abu ne. Koyil na waya a tsakiyar maganaɗisu, manne da kwano mai rawa gaba da baya. Tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana ke nan a 1925, kuma shi ne a cikin rediyon mai shayi, shi ne a cikin lasifikar miliyan hamsin. Da yake inji guda, wato baki guda, ba ya iya ɗaukar dukkan sauti da kyau, sai aka raba aiki: wufa ta ɗauki na ƙasa, tiwita ta ɗauki siririn na sama, a manyan kuma a sa baki na uku don na tsakiya. Mai rabon aikin wata 'yar da'irar lantarki ce a ɓoye cikin akwati, kurosoba. Ba a ganinta, ba a tallata ta sosai, amma a nan ake gane gwanin maƙeri. In ba a haɗa gaɓoɓin da kyau ba, muryar mawaƙi za ta riƙa fitowa kamar mutum biyu ne, ƙirjinsa daga wuri ɗaya, hancinsa daga wani.

Babban kason kuɗin kuwa a akwati yake tafiya, abin da mutane da yawa ba su zata ba. Wufa na tura iska gaba, tana kuma dukan akwatin da ƙarfi daidai da haka ta baya. In jikin akwatin ya ɗauki rawa, shi ma ya zama lasifika ta biyu mai rera abin da ba a sa ta ba. Kowane kamfani da dabararsa ta kashe wannan rawar. Magico na Kalifoniya da alminiyam yake ƙera nasa. Wilson Audio na jihar Utah yana amfani da wani haɗin roba mai tauri da nauyi. Bowers & Wilkins, wato B&W, na garin Worthing a Ingila, wanda John Bowers ya kafa a 1966, yana lanƙwasa falle-fallen katako ya ɗaure cikin da katanga-katanga. Sonus Faber na Italiya kuwa katako da fata yake haɗawa, da ƙira mai kama da ta kayan kiɗan tsirkiya na can ƙasarsu, har ka rasa ko kayan sauti ne ko kayan ado. Shi ya sa nauyi ke yawa. B&W 801 D4 da ta fito a 2021 kan dala 35,000 guda biyu, kowace ɗaya tana da nauyin kusan kilo 100. Grande Utopia ta kamfanin Focal na Faransa ta haura kilo 250 kowace. A can ƙololuwa akwai irin WAMM Master Chronosonic ta Wilson, da aka fitar kan dala 685,000.

A mayar da na farkon naira. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala a hukumance ba ta kai 500 ba. A farkon 2024 ta haura 1,500. In aka lissafa da 1,500, dala 35,000 ta zama naira miliyan 52 da rabi, ba a zo maganar jirgi da kwastan da harajin kashi 7.5 cikin ɗari ba, ba a kuma sayi amfilifayar da za ta tuƙa ta ba.

Akwai kuma maganar abin da ake yin tiwita da shi, inda 'yan talla suka fi baje koli. B&W na yin nata da lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta, Focal na yi da wani ƙarfe mara nauyi mai suna beriliyam. Hujjar gaskiya ce: duk abin da ke rawa da sauri akwai inda yake fara lanƙwashewa ya ɓata sauti, kuma waɗannan kayan suna ture wannan wurin can sama, nesa da abin da kunne ke ji. Sai dai tiwitar alminiyam ko ta ƙyalle da aka yi da kyau ita ma ba ta da wani aibu da yawancin mutane za su kama. Ga kuma abin da ba a so a faɗa a gaban Alhaji: jin siririn sauti yana raguwa da shekaru, kuma mafi yawan masu iya biyan kuɗin lu'ulu'un sun wuce shekarun da kunnensu ke kaiwa 20,000, ɗansu na sakandare ne ke ji.

Ba duka ne suka bi hanya ɗaya ba. KEF ta Ingila tun 1988 take dasa tiwita a tsakiyar bakin da ke ɗaukar sautin tsakiya, don su fito daga wuri guda. Tannoy ta riga ta da irin wannan tunani tun 1947. Paul Klipsch na jihar Akansas ya bi hanyar ƙaho, Klipschorn ɗinsa ta 1946 har yau ana ƙera ta, kuma a kusurwar ɗaki ake ajiye ta don bangon ya ƙarasa mata ƙahon. Wasu ma sun yar da kwano da akwatin gaba ɗaya: Quad a 1957, da MartinLogan daga baya, siririyar leda suke shimfiɗawa tsakanin raga biyu na ƙarfe, wutar lantarki ta riƙa kaɗa ta. Kowanne da mabiyansa, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Yanzu ga tambayar da ta fi zafi. In ana iya auna sauti da na'ura, me ya hana a auna a huta da gardama?

An gwada. Floyd Toole ya yi shekaru yana wannan bincike a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada, daga baya ya koma kamfanin Harman, masu JBL da Revel, tare da Sean Olive. A 1994 suka sa ma'aikatan kamfanin su 40 suka saurari lasifiku iri huɗu sau biyu: sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labulen da sauti ke ratsawa amma ido ba ya gani. Da ana gani, manyan masu sheƙi da tsada suka sami maki sama, ƙaramar mai araha ta faɗi. Da aka ja labule, tazarar ta tsuke. Wani abin da ya fi wannan jan hankali: a bayan labule, in aka matsar da lasifika daga wuri zuwa wuri a ɗakin, makin da mutane ke bayarwa yana canjawa, domin sautin ya canja da gaske, amma da suna kallonta, sai suka riƙa ba ta kusan maki ɗaya ko ina aka ajiye ta. Ido ya riga ya yanke hukunci. Mu da muke cewa gani ya kori ji, ga inda hakan ya zama asara. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa in ba a gani, ƙwararrun masu saurare da mutanen gari kusan abu ɗaya suke zaɓa: lasifikar da ba ta fifita wani sashe na sauti a kan wani, wadda kuma abin da take watsawa gefe yake kama da abin da take turowa gaba.

Masu kishiyar ra'ayi suna cewa Harman mai sayar da lasifika ne, kuma minti kaɗan a ɗakin gwaji ba daidai yake da zaman shekara da abu a gida ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma ni inda na tsaya: awo ba zai gaya maka wadda za ka so ba, sai dai yana saurin tona wadda aka yi wa ƙarin gishiri. Lasifikar da aka ɗan ɗaga wa sautin sama takan burge a minti biyar na farko a shago, ka ji kamar an buɗe taga, sai an kai ta gida ta fara sa ciwon kai. Haka kuma in an kunna guda biyu ana kwatantawa, wadda ta ɗan fi ƙara, ko da da desibel ɗaya ne a ma'aunin ƙarar sauti, ita kunne ke cewa ta fi kyau. Mai shago ya san wannan ko bai karanta ba. Kuma a ganina, bayan wani matakin farashi, abin da ake ƙara biya ba sauti ba ne zalla; aikin hannu ne, da fenti, da suna, da ƙarancin adadin da ake ƙerawa, da ribar dillalai hawa-hawa. Ba laifi ba ne mutum ya sayi abu don kyansa, ana sayen agogo da doki a kan haka. Laifin shi ne a ce da shi kuɗin nan duka kunnensa zai ji su.

Duk wannan share fage ne. Abin da ya fi komai tasiri a kan abin da mai gida a Maitama ko Gwarinpa zai ji, shi ne falonsa.

Ka dubi yadda muke gini. Bangon bulo da siminti, ƙasa tayil ko mabul, silin mai santsi, manyan tagogin gilashi, tebur na gilashi a tsakiya, kujerun leda. Babu abu ɗaya a ciki da ke shan sauti, duk mayar da shi suke yi. Wanda ke zaune mita uku ko huɗu daga lasifika, yawancin abin da ke isa kunnensa ba kai tsaye ya zo ba, ya bugi bango da ƙasa da sili tukuna. Su kuwa masu rubuta sharhin da muke karantawa a intanet, da yawansu a Amurka suke, a gidajen katako masu bangon allo mara kauri da kafet daga bango zuwa bango. Irin wannan bangon yana ɗan lanƙwasawa ya sha wani ɓangare na bes, namu kuwa ko gezau. Saboda haka lasifikar da aka yaba da taushi a can, tana iya zuwa Asokoro ta zama mai tsawa da kaifi, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Matsalar bes lissafi ce da kowa zai iya yi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai sautin da ke maƙalewa yana kai da komo yana ƙara wa kansa ƙarfi, kuma ana samunsa ne in aka raba 343 da ninki biyu na tazarar. Falo mai tsawon mita 6 zai riƙe sautin wajen 29 Hz, da ninkinsa 57. In faɗinsa mita 4 ne, ga 43. In tsayin silin mita 3 ne, ga 57 kuma. Ka ga 57 ta zo sau biyu, daga tsawo da kuma daga tsayi, don haka duk waƙar da ta taɓa wannan wurin sai falon ya yi gunji, a wata kujerar kamar ana daka, a wata kujerar kuma bes ɗin ya ɓace ɗungurungum. Mai gida sai ya zargi lasifika, ko amfilifaya, ko waya, ya sake kashe kuɗi. Wani abin takaicin shi ne, gwargwadon yadda lasifika ta iya sauka ƙasa, gwargwadon yadda take tsokano wannan gunjin. Ƙaramar da ba ta iya sauka har 40 Hz, takan bar wasu daga cikinsu suna barci. Babbar mai tsada ita ke tayar da su duka. Wannan ne ya sa wani lokaci ƙaramar lasifika ke doke babba a ɗaki ɗaya, mutane su yi ta mamaki.

Magani kashi biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Kaifi da amsa-kuwwa na sautin tsakiya da na sama suna jin magani mai sauƙi: darduma mai kauri tsakanin lasifika da kujera, labule mai nauyi a kan gilashi, kujerun yadi maimakon leda, kantar littattafai a bango. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falo. In ka ji wata 'yar ƙara na bin bayan tafin, da sauran aiki. Amma labule ba ya taɓa bes, domin tsawon zangon sautin 57 Hz mita shida ne, ƙyalle bai isa ya tare shi ba. Shi bes sai da matsar da kaya. A janye lasifika daga bango kamar rabin mita zuwa mita guda, musamman mai ramin iska na fitar da bes a baya. A nisanta ta da kusurwa, in ba irin Klipschorn ba ce da aka yi don can. A raba kujerar saurare da bangon baya, kada kuma a dasa ta daidai tsakiyar ɗaki. Tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu ta yi kusan daidai da tazarar kowace zuwa kunne, tiwita kuma ta daidaita da tsayin kunnen wanda ke zaune. In an dace, sai lasifikun su ɓace, ka ji mawaƙi a tsaye a tsakiya inda babu komai, makaɗa a dama da hagunsa. Wannan shi ne abin da ake biyan kuɗin dominsa, kuma mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke samunsa a lokaci guda.

A nan ake karo da tsarin gidan Bahaushe. Falo wurin baƙi ne, kujeru jere suke a jikin bango, talabijin ce alƙibla, kuma uwargida ba za ta yarda a girke mata akwatuna biyu masu tsayin mutum a tsakiyar hanya ba. Ƙarshenta sai a tura su jikin bango, ɗaya a kusurwa, ɗaya kusa da ƙofar ɗakin cin abinci, a ɗora musu furen roba. Wanda bai da ɗakin da zai ware, ko bai da ikon matsar da kujera a falonsa, gara ya san haka tun kafin ya tura dala.

Shi ya sa wasu masana ke ganin doguwar lasifika ba ita ce amsa ba a ɗaki mai wuya. Inda ya fi dacewa da fitar murya ba lallai ne ya dace da bes ba, ita kuwa doguwa ta ɗaure su a jiki ɗaya. Madaidaitan lasifiku biyu tare da akwatin bes daban guda biyu, a ajiye su inda ɗakin ya fi karɓa, sukan ba da bes mai daidaito a kujeru da yawa, da kuɗi ƙasa da haka. Akwai kuma manhajojin gyaran ɗaki irin su Dirac na ƙasar Suwidin, masu auna falo da makirfo su rage inda ya yi gunji. Suna rage tudu sosai, amma ba sa iya cike rami. Masu son doguwar suna da tasu hujjar: in ɗaki babba ne kuma ana son ƙara ba tare da murya ta shaƙe ba, yawan bakuna da girman akwati suna ba da wani sakewa da ƙananan ba sa kaiwa. Wannan gaskiya ne, a babban ɗaki.

Sai wuta, wadda marubutan Turai ba sa ko tunawa da ita. Lambar da ta fi wat muhimmanci a takardar lasifika ita ce yawan ƙarar da take bayarwa da wat guda a tazarar mita ɗaya. Yawancin dogayen suna tsakanin desibel 86 da 91. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wutar amfilifaya, don haka mai 87 tana cin ninki biyu na abin da mai 90 ke ci. Klipschorn tana wajen 105. Abin da za ta yi da wat ɗaya, mai 87 sai ta sha sama da wat 60. Ga kuma om, ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta: da yawa an rubuta musu 8, amma a wasu sautukan suna faɗowa zuwa wajen 3, su matse amfilifaya mara ƙarfi har ta yi zafi ko ta ɗauke. Manyan amfilifayoyin da ake kira ajin A, da masu kwalaben wuta irin na da, suna zuƙar ɗaruruwan wat ko ana kiɗa ko ba a yi, mafi yawansa kuma zafi yake zama. A watan Maris na Abuja, a kan inbata da batir, ko a kan mitar layin Band A da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na ajin D na zamani suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ci zuwa aiki, ba sa zafi, kuma masu kyau a cikinsu sun daina zama abin rainawa.

Wutarmu volt 230 ce, ta Amurka 120. Lasifika zalla ba ruwanta da wannan, amma amfilifaya ko lasifika mai amfilifaya a ciki da aka yo oda daga can, in ba mai karɓar duka biyun ba ce, soka ta a bango kai tsaye ƙonewa ne. Sitabilaiza da abin tare tsawa dole ne, ga yadda damina ke zuwa da walƙiya a garin nan. Kuma duk wanda janaretansa ko na maƙwabci ke ruri a bayan taga, ga na'urar sanyaya ɗaki na huci, to ƙananan bayanan sautin da ya biya miliyoyi don ya ji sun nutse a cikin hayaniya.

Maganar wayoyin haɗi masu tsadar mota ba sai an daɗe a kanta ba. Jan ƙarfe mai isasshen kauri, a ɗaure shi da kyau.

Yanayi ma yana karɓar rabonsa. Ƙurar hunturu abokiyar gabar lasifikun leda ce, domin wutar da ke jikin ledar jan ƙura take yi, damshin damina kuma yana rage musu ƙarfi. Ga shi dole a soka su a wuta. Katako mai fenti yana shan wahala tsakanin bushewar Janairu da laimar Agusta. Tsofaffin da ake kawowa na hannu, a duba zoben da ya kewaye kwanon wufa: in na soso ne yana ruɓewa da shekaru, na roba ya fi jurewa. Ramin iska kuwa ƙofa ce ga kyankyaso da ɓera. Sannan yara: babu yaron da zai ga ƙoƙon tiwita mai sheƙi bai kai yatsa ba. Na lu'ulu'u fashewa yake yi kamar ƙwai, na beriliyam in ya fashe ƙurarsa guba ce, kamfanin da kansa yana gargaɗi a kai. Masu naɗin koyil na kasuwa gwanaye ne a kan lasifikun biki, amma irin waɗannan an daidaita dama da hagu ne tun daga masana'anta, naɗin hannu zai raba su. Gyara na gaskiya sai an yo odar bakin daga waje, da dala, a jira.

Akwai tambayar da ya kamata ta riga duk waɗannan: me za a kunna? Lasifika mai kyau ba ta gyara abin da aka ba ta, fallasa shi take yi. Waƙar da ta yi yawo a WhatsApp, aka matse ta zuwa kilobit 128 a daƙiƙa ko ƙasa, alhali faifan CD yana ɗauke da 1,411, za ta fito da duk raunukanta. Waƙoƙin mazan jiya da aka ɗauka a gidajen rediyo da kaset, yawancinsu da layi ɗaya aka ɗauke su, ba dama ba hagu, kuma babu wani bes mai zurfi a cikinsu da wufa uku za su nemo. Abin da suke so shi ne sautin tsakiya mai gaskiya, yadda muryar za ta fito da ƙirjinta, kalangu ya yi magana. Haka mai sauraron ƙira'a da tafsiri. Yawancin waƙoƙin zamani na situdiyoyinmu kuwa an haɗa su ne don su yi daɗi a waya da cikin mota, an cika su da ƙara har babu sauran numfashi tsakanin amo da amo, kuma babbar lasifika ba ta ɓoye hakan. Wanda abincin kunnensa ke nan, madaidaiciyar lasifika mai tsabtar tsakiya ta ishe shi, ragowar kuɗin ya sa a darduma da labule da batir.

Wuraren da mutum zai zauna ya saurari irin waɗannan manyan kafin ya biya ba su da yawa a ƙasar nan, shi ya sa masu saye da dama a Landan ko Dubai suke ji, a ɗakin da aka gyara musamman don sayarwa. In haka ta kama, a tafi da waƙoƙin da aka sani ciki da waje, a sa da muryar magana zalla, domin kunne ya fi saurin kama ƙarya a muryar mutum fiye da kowane kiɗa. A nemi a daidaita ƙarar duk waɗanda ake kwatantawa. A saurara a ƙasa-ƙasa, yadda za a yi a gida bayan isha'i, ba yadda mai shago ke so ba. A tashi daga kujerar tsakiya a koma gefe a ji ko muryar ta canja kama, domin a falo mai tayil abin da ke fita gefe shi zai dawo daga bango. A tafi da awon falon a rubuce, tsawo da faɗi da tsayi, a tambayi mai shago wace ce a cikin jerin aka yi don ɗaki irin wannan. Kusan kowane kamfani yana da ƙanana biyu ko uku a ƙarƙashin babbar, masu tiwita iri ɗaya da wufa mafi ƙanƙanta, kuma a falo mai mita 6 da 4 sau da yawa ta biyu ko ta uku ce ta dace, ba ta saman ba. In mai shagon ya ce babbar za ta zauna ko'ina, ranka ya daɗe, a nemi wani shagon.

Kwalaye da akwatunan katakon da aka kawo su ciki kuma kada a bari masu gadi su yi wuta da su. Masu neman irin wannan kaya na hannu a Abuja 'yan ƙalilan ne, ranar da aka tashi sayarwa mai yiwuwa mai sayen yana Legas, kuma ba direban da zai kai abu mai kilo 100 da fenti irin na mota har can lafiya ba tare da akwatinsa ba.